Darasin Ƙungiya: Motar Lantarki, Me Za Ta Yi wa Manomi?

Ga magatakarda: a karanta wannan darasi a gaban taro sannu a hankali, kashi-kashi. A tanadi allo da alli, gama akwai lissafi a ciki wanda ya kamata kowa ya gani da idonsa.

Gabatarwa

Da yawa a cikinmu yara sun nuna mana a wayar hannu wata mota tana tafiya a titi, ba kowa a kujerar direba, sitiyari yana juya kansa. Ba ƙarya ba ce. Akwai irinsu suna aikin tasi a waɗansu biranen Amurka da na ƙasar Sin. Da yake yawancinsu da batir suke tafiya, mutane sun ɗauka motar lantarki da mota mai tuƙa kanta abu guda ne. Sai ka ji ana cewa, "Wannan ai ba namu ba ne. Wace mota ce za ta tuƙa kanta a yashin Babura ko a duwatsun Roni?"

Gaskiya ne, ba za ta iya ba. Amma abu biyu ne dabam aka haɗa. Tuƙa kai aikin kwamfuta ne da kyamarori. Tafiya da lantarki kuwa magana ce ta abin da motar take ci. Mafi yawan motocin lantarki na duniya mutum ne yake tuƙa su da hannunsa, kamar kowace mota.

Ku tuna da jaki. Tsohon jaki ya san hanyar gida, ko mai shi ya yi gyangyaɗi a kansa zai kai shi ƙofar gida. Abin sha'awa ne. Amma ba wanda yake zuwa kara ya sayi jaki saboda wannan. Mai saye tambaya uku yake yi: me yake ci, wane kaya yake ɗauka, in kuma ya kwanta ciwo wa zai duba shi? Tambayoyin nan uku su za mu yi wa motar lantarki a wannan darasi.

Kashi na 1: Mece ce motar lantarki?

Motar fetur tana ƙona mai a cikin inji, ƙarfin ƙonewar ya tura fistin, fistin ya juya ƙarfe, ƙarfin ya bi ta kuloci da giya ya kai ga taya. Motar lantarki ba ta ƙona kome. Manyan kayanta huɗu ne: batir mai ajiye wuta, injin lantarki mai juya taya, ɗan'uwan wanda yake juya fanka, akwati mai daidaita yawan wutar da za ta tafi injin in direba ya taka totur, sai caja. Haka abin yake ko a babur, ko a keke mai ƙafa uku, ko a bas.

Ba sabon abu ba ne. A wajen shekara ta 1900, kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin Amurka da batir suke tafiya. Fetur ya kore su ne domin ya yi araha, motar Ford mai sauƙin kuɗi ta fito a 1908, batir na wancan zamani kuma nauyi gare shi, ba ya kai mutum nesa. Abin da ya komo da su shi ne batirin litiyam, irin na cikin wayarmu, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. Daga 2010 zuwa 2024 kuɗin irin wannan batir ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100. A 2024 an sayar da motoci masu caji fiye da miliyan 17 a duniya, watau cikin kowace sabuwar mota biyar, ɗaya mai caji ce. Fiye da rabinsu a ƙasar Sin aka saye su.

Kashi na 2: Me take ci?

Ba sai an tuna mana ba. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, farashin gwamnati na litar fetur bai kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ya wuce 500. A watan Oktoba 2024 ya haye naira 1,000. Tun daga nan yana hawa yana sauka, amma bai koma inda yake dā ba. Kuɗin kai buhun riɗi kasuwa ya tashi, kuɗin ban ruwan lambu ya tashi, kuɗin kai mai naƙuda asibiti ya tashi.

Ga wani abin da ba kowa ya sani ba. Injin fetur mai ɓarna ne. In ka zuba lita huɗu, ƙarfin kamar lita ɗaya ne kaɗai yake kaiwa ga taya. Sauran ukun zafi ne da hayaƙi. Shi ya sa salansa take ƙona ƙafar yaro, shi ya sa mota take bukatar lagireto. Injin lantarki kuwa, cikin mudu huɗu na wutar da aka ba shi, uku ko fiye suna kaiwa ga taya. Daɗin daɗawa, in ka tsaya gaisawa ko ana loda kaya, injin fetur yana ta shan mai a banza, na lantarki kuwa in taya ba ta juyawa ba ya cin kome.

Bari mu yi lissafi a allo. Ana auna wuta da yunit, irin wanda mita take ƙirgawa. Yunit ɗaya shi ne wutar da ƙwan lantarki goma masu wat 100 za su sha cikin awa ɗaya. Lambobin da ke ƙasa misali ne, kowace ƙungiya ta sa nata farashi na yau.

Mu ɗauka ɗan acaɓa yana yin kilomita 80 a yini, babur ɗinsa yana yin kilomita 40 da lita ɗaya.

Fetur: lita 2, a naira 1,000 kowace lita, naira 2,000 ke nan.

Lantarki: babur mai batir zai ci kamar yunit 4 a wannan tafiya. Ko da an saye shi a naira 225, farashin da aka sa wa masu layin wuta mafi tsada a Afrilu 2024, naira 900 ke nan.

Rara: naira 1,100 a yini. In ya yi aiki kwana 300 a shekara, naira 330,000.

Ba a ma sa kuɗin baƙin mai da filogi a ciki ba. In kuwa daga hasken rana aka ɗebo wutar, bayan an biya kuɗin farantai, abin da ya rage kaɗan ne. A nan ne babbar darajar abin take a gare mu. Fetur daga nesa yake zuwa, tanka ce take kawo shi, waɗansu ne can suke yanka masa farashi, in ya yanke kuma sai mu koma wajen 'yan bumburutu. Rana kuwa kullum tana fitowa a kan rufin ɗakin ajiyar ƙungiya.

Kashi na 3: Wane kaya take ɗauka?

Waɗansu suna tsammani abin batir ba shi da ƙarfi, kamar motar wasan yara. Ba haka ba ne. Injin fetur sai ya yi gurnani ya ɗauki gudu kafin ƙarfinsa ya fito, shi ya sa ake tashi da giya ta ɗaya. Injin lantarki yana ba da cikakken ƙarfinsa tun daga tashi. Wannan yana da amfani ga mai ɗauke da buhuna a hawa. Ba kuloci, ba canjin giya a yawancinsu, don haka koyon tuƙinsu da sauƙi. Waɗansu ma, in ana gangarowa daga tudu, injin yana riƙe motar ya mai da ɗan ƙarfi cikin batir, birki kuma ya daɗe bai cinye ba.

Amma fa a ji wannan da kyau. Nisan da mai sayarwa yake faɗa, an auna shi ne a kan kwalta mai kyau, ba kaya. Yashi, da laka, da nauyi, da gudu, duk suna shanye batir da wuri. In ya ce kilomita 100, ku sa a ranku 60 ko 70 a hanyar ƙauye da kaya. Wanda fetur ya ƙare masa a daji zai aiki yaro da galan. Wanda batir ya ƙare masa sai turi. Mai ɗauke da kwandunan tumatir ya san abin da kwana ɗaya a hanya yake nufi.

Akwai riba biyu kuma da ba a auna su da kuɗi. Ba hayaƙi: direba da fasinja da mai talla a bakin tasha ba sa shaƙar abin da yake ɓata ƙirji. Ba ƙara kuma. Sai dai shirun nan yana da nasa hatsari. Yara da makafi da tumaki sun saba jin babur tun daga nesa. Tilas mai tuƙi ya rage gudu a cikin gari, ya riƙa danna ham.

Kashi na 4: In ta kwanta ciwo fa?

Ku lissafta abin da yake kai babur ɗinku wajen makanike: kabireta ta toshe saboda gurɓataccen mai, filogi ya mutu, ringi ya cinye, inji yana shan baƙin mai, kuloci yana zamewa, salansa ta ɓule. Abin lantarki ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Abin da ya rage na kullum shi ne taya, da birki, da boris, da wayoyi. A ƙasa mai ƙura irin tamu, inda hunturu yake cika matatar iska cikin mako guda, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Ciwonsa guda ne babba, watau batir. Shi ne mafi tsada a jikin abin, kuma yana tsufa. Iri biyu za ku tarar a kasuwa. Batirin dalma, ɗan'uwan na tayar da mota, yana da araha, amma nauyi gare shi, kuma bayan caji ɗari uku zuwa ɗari biyar ya gaji. Ga mai aiki kullum shekara ɗaya ke nan ko ɗaya da rabi. Batirin litiyam mai kyau, musamman irin da ake rubuta wa LFP, yana iya yin caji dubu biyu ko fiye. Araha ba ta ado.

Maƙiyin batir shi ne zafi, mu kuwa mun san bazara, sa'ad da zafi yake wuce digiri 40. Don haka:

A yi caji a inuwa, inda iska take shiga. Kada a yi a ɗakin kwana, ko kusa da rumbu ko tarin harawa, gama batirin litiyam in ya kama wuta da wuyar kashewa.

In an dawo daga tafiya, a bari ya huce kafin a sa caja.

Kada a riƙa shanye shi ƙarƙaf.

A yi amfani da cajar da ta zo da shi kaɗai.

Kada a tsunduma shi a rafi da damina.

In batirin dalma ya mutu, kada a fasa shi a gida ko a bar wa yara. Dalma guba ce. Ku tuna a 2010 ƙurar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. A mai da tsohon batir ga mai sayarwa.

Sai maganar mai gyara. Makaniken babur yana ko'ina, amma mai gyaran akwatin daidaita wuta ba ko'ina yake ba. Ƙungiyar da take so ta shiga wannan harka, ta fara tura yaro ko yarinya ɗaya koyon aikin lantarki da na sola. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ta Hussaini Adamu nan a Kazaure, ga kuma masu haɗa sola a garuruwanmu da za a iya zama a hannunsu.

Kashi na 5: Abin da ake yi a ƙasarmu da maƙwabta

Kada a ce aikin Turawa ne kaɗai. Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, wanda ya yi karatu a Birnin Kebbi kafin ya tafi Amurka, shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna a 2007, mota mai tafiya da batir da ɗan injin fetur na taimako. Daga 2017 zuwa 2023 ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa. A zamaninsa aka fito da Hyundai Kona mai lantarki wadda aka harhaɗa a Legas, aka kuma buɗe wurin cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato a watan Afrilu 2021.

A Maiduguri, wani matashi, Mustapha Gajibo, ya yi suna wajen cire injin fetur daga ƙananan bas yana sa musu batir da injin lantarki, yana cajinsu da sola, suna ɗaukar fasinja a cikin gari. Gwamnatin Borno ma ta fito da tasi masu lantarki a ƙarshen 2023.

A Indiya, inda yawancin adaidaita sahunmu suke fitowa, fiye da rabin kekuna masu ƙafa uku da aka sayar a 2024 na lantarki ne. A Ruwanda da Kenya da Togo da Benin, 'yan acaɓa da yawa ba sa jiran caji: sukan tsaya a rumfar kamfani su ajiye batirin da ya ƙare, a ba su cikakke, su biya kuɗin wutar, cikin 'yan mintoci su wuce. Habasha kuwa, mai yawan wutar madatsun ruwa amma ba ta da man kanta, ta hana shigo da ƙananan motocin fetur a 2024.

Ku lura da abu guda. Ba ko ɗaya cikin waɗannan da yake tuƙa kansa. Mutanen nan duka kuɗin mai ne ya kai su.

Kashi na 6: Wanne ya dace da mu?

Motar lantarki ba ta yin wuta, cin wuta take yi. To, ina za mu samo? A ƙauyukanmu da yawa ba layin KEDCO, inda yake kuma wuta takan yi kwanaki ba ta zo ba. Wanda zai tayar da janareton fetur don ya yi caji, ya yi aikin banza. Gara ya zuba man a babur. Saura rana. Bari mu koma allo.

Farantin sola mai wat 400, in yana da tsabta kuma yana fuskantar rana sosai, yakan ba da yunit ɗaya da rabi zuwa biyu a yini a ƙasarmu.

Babur mai cin yunit 4: faranti 3.

Keke mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, in mun ɗauka yana cin yunit 8 a yini: faranti 5 ko 6.

Ƙaramar mota tana cin kamar yunit 16 a kilomita 100. Daga Kazaure zuwa Kano da komowa kusan kilomita 160 ne, watau yunit 25 ko fiye: faranti 15 suna aiki yini guda cur.

Lissafin nan ya ba mu amsa. Babbar mota, ga tsadar saye, ga yawan ci, ba ita ce ta ƙungiyarmu ba a yanzu. Kona ɗin nan, tun lokacin fitowarta, kuɗinta ya wuce naira miliyan 20. Doguwar tafiya da lodi zuwa Dawanau ko 'Yankaba, har yanzu aikin a-kori-kura ne da babbar mota. Amma gajeren zirga-zirga na kullum, daga gona zuwa gida, daga lambu a bakin dam ɗin Kazaure zuwa bakin titi, daga ƙauye zuwa kasuwar Babura ko Gwiwa, kai taki, kawo ruwa, kai marar lafiya ɗakin shan magani, wannan shi ne aikin da babur da keke na lantarki suka fi iyawa. Daidai ruwa daidai tsaki.

Akwai matsala ɗaya da za a warware tun da wuri. Rana da rana take ba da wuta, abin hawa kuma da rana yake aiki. Ko dai a sayi batir biyu, ɗaya yana kan caji ɗaya yana kan hanya, ko kuwa a tsara aiki da sassafe da yamma, a bar tsakar rana don caji. Batir na biyu kuɗi ne, a sa shi cikin lissafi.

A nan ne amfanin ƙungiya yake. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Farantan da mutum guda ba zai iya saye ba, mutum talatin za su iya. Farantan nan kuma ba aiki ɗaya suke yi ba: suna iya cajin wayoyi a karɓi kuɗi, su ba ɗakin taro haske, su juya famfon ban ruwa da rani in an tsara su don haka.

Kashi na 7: Kafin a taɓa asusu

Kuɗin asusu gumin mutane ne, har da na gwauraye da na matan da suka tara daga ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Kada a yi cinikin biri a sama.

1. A tura mutum biyu su ga irin abin yana aiki a hannun wanda ya shekara da shi, su tambaye shi ba a gaban mai sayarwa ba.
2. A gwada shi a hanyarmu, da kayanmu, har batir ya kusa ƙarewa, a rubuta nisan.
3. A tambayi irin batirin, da kuɗin sabonsa, da inda ake samunsa.
4. A karɓi garanti a rubuce: wata nawa, me ya ƙunsa, wa zai gyara, a wane gari.
5. A fara da guda ɗaya. A ɗora wa mutum ɗaya alhakinsa, da littafin shiga da fita.
6. Kowace rana a ware wani abu daga ciniki, a ajiye shi dabam don sabon batir. Wanda ya cinye rarar mai duka, ranar da batir ya mutu zai tarar da ƙarfe kawai a hannunsa.
7. In da bashi za a saya, a tabbata rarar da aka lissafta za ta biya bashin kafin batir ya tsufa. In ba za ta biya ba, a haƙura tukuna. Haƙuri ma shawara ce.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Mene ne bambanci tsakanin motar lantarki da mota mai tuƙa kanta?
2. Cikin lita huɗu na fetur, ƙarfin lita nawa ne yake kaiwa ga taya? Ina sauran suke tafiya?
3. Waɗanne tafiye-tafiye ne membobinmu suke yi kullum waɗanda ba su wuce kilomita 30 zuwa da komowa ba?
4. In mun sayi keke mai batir, ina za mu yi cajinsa, wa zai tsare wurin?
5. Wane yaro ko yarinya za mu iya turawa koyon gyara?

Aikin wannan wata

Kowane memba ya rubuta, ko ya sa ɗansa ya rubuta masa, duk kuɗin da ya kashe cikin mako huɗu a kan fetur, da baƙin mai, da gyaran babur, da kuɗin mota na kai kaya. A taro mai zuwa magatakarda ya haɗa jimla a allo, ya ninka ta sau goma sha uku, a ga na shekara. Da wannan lamba a hannu ne ƙungiya za ta san ko lokacin saye ya yi ko da saura.

Allah ya sa albarka a aikin hannuwanmu. Sai darasi na gaba.